Tambayoyi da amsoshi kan sensar lantarki mai gano maganin da ake sakawa a man girki

Jama'a waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan zuwa daga mutanenmu na Zariya, masu sayar da mai a Sabon Gari da Tudun Wada, mata masu suya, da ɗalibai na Samaru da ke neman abin da za su yi furojet a kai. Na haɗa su wuri ɗaya ne don wanda ya zo daga baya ma ya samu. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma dole sai an zauna, a yi haƙuri a karanta.

Malam wai da gaske ne ana saka magani a man girki na kamfani?

Gaskiya ne, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne. Guda huɗu ne suka fi yawo a duniya, TBHQ da BHA da BHT da kuma PG. In ka juya bayan galan ko robar mai wani lokaci sunan zaka gani, wani lokaci kuma lamba, E319 shi ne TBHQ, E320 BHA, E321 BHT, sai E310 shi ne PG. A man gyaɗa da man waken suya da sauran man tsirrai TBHQ ne ya fi shahara saboda ya fi sauran riƙe irin wannan man. Ba a mai kaɗai suke ba, akwai su a biskit da bota da taliyar leda da cincin na kamfani, kusan duk abin da aka soya aka ɗaure a leda don ya yi watanni a kanti. Aikinsu ɗaya ne, su hana man ya juya da wuri.

Me ke sa mai ya juya tun farko?

Iska ce, wato oksijin da ke cikinta. Yana kama man a hankali, ya fara da ɗan guntu ɗaya, wannan guntun ya kama na kusa da shi, na kusan ya kama wani, haka abin ke ta tafiya har sai kin buɗe jarka kin ji wannan warin na tsohon mai, in aka yi girki da shi kuma ki ji maƙaƙi a maƙogwaro. Abubuwa uku ke hanzarta shi, zafi da hasken rana da ƙarfe, musamman tsatsa da jan ƙarfe. Toh duba yadda muke ajiye mai a nan, farar roba a jere kan tebur a bakin titi rana na dukanta tun hantsi har la'asar, a watan Maris da Afrilu da zafin Zariya ke kaiwa kusan digiri 40, ko kuma tsohon duro mai tsatsa a ciki. Duk abubuwan ukun nan mun haɗa mishi.

Abin da maganin ke yi shi ne ya riga man miƙa kanshi. Yana da saurin sakin elektiron, wato 'yan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, da kuma haidirojin, sai ya miƙa wa wancan guntun da ya fara lalacewa, guntun ya lafa, yaɗuwar ta tsaya. A riƙe wannan maganar ta saurin sakin elektiron, don a kanta aka gina sensar gaba ɗaya, wato 'yar na'urar da ke auna yawan maganin a cikin mai.

To ba guba ba ne? An turo min wani saƙo wai yana sa ciwon kansa, wato ciwon daji

Wannan tambayar ita ta fi kowace zuwa kuma ita na fi so a fahimta da kyau. Asalin maganar kansa daga BHA ta fito. A farkon shekarun 1980 masu bincike a Japan sun ba ɓeraye BHA mai yawan gaske, har kashi 2 cikin 100 na duk abincinsu, tsawon rayuwarsu, sai aka ga ƙari ya fito musu a wani sashe na gaban tumbi. Wannan sashen ɗan Adam ba shi da shi, kuma kashi 2 cikin 100 ɗin nan ninki 100 ne na abin da aka yarda a saka a mai, su kuma a duk abincinsu ne ba a mai kaɗai ba. Duk da haka hukumar binciken kansa ta duniya IARC ta sa BHA a rukunin 2B, wato abubuwan da ake ganin mai yiwuwa ne su jawo, ba waɗanda aka tabbatar ba. BHT kuma yana rukuni na 3 wanda ba a samu hujjar yanke hukunci a kanshi ba. TBHQ Amurka ta amince da shi tun 1972, Tarayyar Turai ma ta amince, amma Japan ba ta yarda a saka shi a abinci ba. Kun ga ko su manyan ba bakinsu ɗaya ba.

Ni dai ra'ayina, kuma da gaske nake, mai da ya juya ya fi mai da aka saka wa magani daidai ƙa'ida hatsari, don abubuwan da ke fitowa in mai ya lalace ba alheri ba ne ga jiki ko kaɗan. Matsalar ba wai an saka ba ce, matsalar nawa aka saka kuma wa ya auna. Wanda ya zuba da ido ba sikeli zai iya ninka ƙa'ida sau biyar bai sani ba, kuma ba launi ba wari ba ɗanɗano da zai nuna maka.

Nawa ne ƙa'idar?

Miligiram 200 a kowane kilo na mai, ko guda ɗaya aka saka ko an haɗa biyu ko uku, jimillar kada ta wuce haka. Wannan shi ne ma'aunin Codex, hukumar da FAO da WHO, hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka kafa a 1963 don ƙa'idojin abinci, kuma ya yi daidai da kashi 0.02 cikin 100 da Amurka ke amfani da shi. Sannan akwai iyakar da aka ce mutum zai iya ci kullum ba damuwa, ta TBHQ miligiram 0.7 ce a kowane kilo na nauyin jiki, BHA 0.5, BHT 0.3, a lissafin JECFA kenan, kwamitin masana na FAO da WHO.

Mu buga lissafi. Mutum mai kilo 60 iyakarshi ta TBHQ miligiram 42 a rana, in man yana kan ƙa'ida sai ya sha giram 210 na mai kafin ya kai nan, kusan kwatan lita kenan, ba kowa ke cin haka ba. Amma yaro mai kilo 15 giram 52 kacal ya isar mishi, in kuma man an ninka mishi magani sau biyar ya koma wajen giram 10, bai ma cika cokalin cin abinci ɗaya ba. Yaranmu kuma su ne masu ƙosai da awara da dankali da biskit kullum. Nan ne hankalina ya fi tashi.

In dai kamfani ya rubuta a jikin galan, me ya kawo wani awo kuma?

Hajiya ai yawancinmu ba a galan ɗin kamfani muke saye ba. Awo muke yi, kwalba ko rabin kwalba ko na ɗari biyu a ƙulle a leda, an juye daga jarka, jarkar an cika ta daga duro, duron ya fito daga tanka, kafin ya iso Kasuwar Samaru ko cikin gari ya wuce hannu nawa kuma babu takarda ko ɗaya da ta biyo shi. Mai shagon ma da yake sayar miki bai san me ke ciki ba, shi ma saye ya yi. Ko wanda ke da rubutun ma, rubutun yana cewa ne akwai TBHQ, ba ya cewa nawa. Sai awo kawai.

To ita sensar ya take aiki? A yi mana bayani dalla-dalla

Tsinkaye uku ne da ake kira elektirod, ana tsoma su cikin ruwan gwaji. Na farko shi ne mai aikin, yawanci na kabon ne, a kanshi komai ke faruwa. Na biyu na azurfa ne shi ne ma'auni, da shi ake sanin ƙarfin wutar da aka ba na farkon. Na uku shi ke cika zagayen wutar, ana yinshi da filatinom ko kabon. Duka ukun suna haɗe da wata 'yar na'ura da ake kira fotenshiyostat, ita ke ƙara ƙarfin wuta a hankali a hankali tana kuma auna wutar da ke gudana, wuta ce 'yar mitsitsiya, kashi ɗaya cikin miliyan na amfiya ake magana.

Abin ya yi kama da ciniki a kasuwa. Na'urar tana tayi, tana ƙara ƙarfin wuta kaɗan kaɗan, kowane sinadari kuma yana da farashin da zai ce ya sallama ya saki elektiron ɗinshi. TBHQ mai sauƙin kai ne, tun tayin bai yi nisa ba yake sallamawa, BHA sai an ƙara, shi kuwa BHT albarka zai ta cewa sai an kai can sama. Duk wanda ya sallama sai wuta ta gudana, a fuskar kwamfuta ko waya ka ga layi ya yi tsalle ya yi tudu ya sauko. Wurin da tudun ya fito shi ke gaya maka wane sinadari ne, tsawon tudun kuma shi ke gaya maka yawanshi. Shikenan asalin abin.

A wajen TBHQ elektiron biyu yake saki da furoton biyu ya koma wani sinadari da ake kira TBBQ, in ka juya wutar baya kuma sai ya karɓe su ya dawo yadda yake, shi ya sa yake ba da tudu biyu masu kyau, ɗaya a tafiya ɗaya a dawowa, kuma wannan ya sa ya fi sauran daɗin aunawa. Don a samu tudu siriri mai tsabta ba a cika ƙara wutar santal ba, ana bugata ne ɗis ɗis a matakai, hakan na rage hayaniyar da ke rufe ƙaramin tudu. Kafin a auna man da ba a sani ba kuma sai an fara auna ruwan da aka san adadin da ke ciki, kamar kala biyar daga kaɗan zuwa mai yawa, a ja layi, sannan a ɗora na kasuwa a kan layin.

Kenan tsoma ta kawai zan yi cikin jarka ta nuna min lamba?

A'a, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Mai ba ya ɗaukar wutar lantarki, shi ya sa ma ake zuba wani irin mai a cikin tiransifoma. Dole sai an fara zaƙulo maganin daga cikin man. Ana auna ɗan mai kamar giram ɗaya ko biyu, a zuba mishi itanol ko metanol, a girgiza sosai, a bari su rabu ko a juya su a inji, maganin zai bar man ya koma cikin itanol ɗin. Sai a ɗebi wannan a zuba cikin ruwan gishirin gwaji wanda aka daidaita tsaminshi, a nan ake tsoma tsinkayen. Awon kanshi bai fi minti ɗaya ko biyu ba, shirin ne ke cin lokaci. Akwai masu haɗa man da ruwa da wani sinadari mai kama da sabulu su zama ruwa ɗaya a auna kai tsaye, wannan ma yana aiki amma yana son ƙwarewa.

Sabuwar fasaha ce?

Ko kaɗan. Wani masani ɗan ƙasar Cek, Jaroslav Heyrovský, shi ya fara wannan salon awon a 1922 da ɗigon ruwan zaiba, ya samu kyautar Nobel a kai a 1959. Leland Clark na Amurka ya ƙera elektirod mai auna oksijin a shekarun 1950, a 1962 kuma shi da abokin aikinshi suka kawo dabarar auna suga da irin wannan hanyar. Na'urar gwajin suga da Baba ko Inna ke ɗiga jini a kan ɗan tsinkenta kowace safiya jikar wannan aikin ce, akwai elektirod da aka buga a jikin tsinken, wutar da ta gudana ita ake juyawa zuwa lamba. Abin da ake ƙoƙarin yi wa man girki kenan, ɗan tsinke mai arha da za a yi amfani da shi sau ɗaya a yar, da na'urar da ke shiga aljihu.

Ina yawan ganin ana cewa nano kaza nano kaza a takardun bincike, meye amfaninsu?

Kabon zalla yana aiki amma tudun da yake bayarwa gajere ne mai faɗi, in sinadarai biyu suna kusa sai su haɗe su zama tudu ɗaya. Shi ya sa ake shafa wa fuskar elektirod ɗin wasu abubuwa. Akwai siraran bututun kabon da Sumio Iijima ya bayyana a 1991, akwai girafin, wato siririyar shimfiɗar kabon, da Geim da Novoselov suka ɓanɓaro a 2004 a Manchesta har suka samu Nobel a 2010, akwai ƙurar zinare, akwai kuma wata irin roba da ake dafawa tare da TBHQ sannan a wanke shi ya bar gurbinshi, gurbin ba ya karɓar kowa sai mai siffarshi. Amfaninsu su ƙara faɗin wurin aiki, su sa elektiron ya yi saurin wucewa, tudu ya yi tsawo ya rabu da maƙwabcinshi.

Amma bari in faɗi abin da ke raina. Yawancin takardun nan gasar wa zai iya gano mafi ƙanƙanta suke yi, alhali mu ba wannan ne ciwonmu ba. Miligiram 200 a kilo ba ƙaramin abu ba ne a wajen sensa, ko sensa mai sauƙi tana ganin ƙasa da miligiram 1 a lita. Abin da muke buƙata wadda za ta ba da amsa iri ɗaya yau da gobe da wata mai zuwa, wadda za ta kwana a aljihun tebur cikin zafi da ƙurar hunturu ba ta mutu ba, wadda kuma in an yi guda ɗari duka ɗarin za su yi magana ɗaya. Wannan ya fi wuya kuma shi ne ba a cika yi ba don ba ya kawo suna.

Ba akwai manyan injina a lab ba? Me zai hana a yi da su?

Akwai, HPLC da GC, kuma su ne alƙalai har gobe. In magana ta kai ga hukunci ko kama kaya sakamakonsu ake karɓa don suna raba sinadaran ɗaya bayan ɗaya kafin su auna. Sai dai injin yana cin dubban daloli masu yawa, yana son wuta tsayayya da ɗaki mai sanyi da ruwan sinadari mai tsabta na musamman da ƙwararren ma'aikaci. NAFDAC na da ɗakin gwaji a Kaduna, wajen kilomita 80 daga nan, amma ba mai hankalin da zai ce a kwashi samfur daga kowace jarka ta kowace kasuwa a kai can. Aikin sensa tacewa ce, a auna ɗari a nan take, wanda ya nuna alamar wuce iyaka shi kaɗai a tura lab ya tabbatar. Ba kishiyoyi ba ne.

Tana iya yin kuskure?

Sosai ma, kuma wanda zai yi aiki da ita dole ya san ta inda kuskuren ke shigowa. Na farko, mai yana da nashi maganin na halitta, bitamin E, shi ma yana sakin elektiron, man riɗi kuma yana da sesamol, duk waɗannan suna iya yin tudu kusa da wanda kake nema. PG da BHA su ma tudunsu kan hau juna. Na biyu fuskar elektirod tana dattin aiki, BHA da BHT in sun saki elektiron suna barin wani danƙo a kai, awo na biyu sai ya fito ƙasa da na farko, dole a goge ko a canza. Na uku tsamin ruwan gwajin, in ya motsa da maki ɗaya tudun TBHQ na gusawa da wajen milibolt 59. Na huɗu yanayi, awon da ka yi da sanyin safiyar Janairu ba zai zo daidai da na tsakar ranar Afrilu ba in ba ka sake jan layinka ba.

Maganin mafi yawan wannan dabara ɗaya ce mai sauƙi, ka auna samfur ɗin, sai ka ƙara mishi TBHQ da ka san adadinshi ka sake aunawa, ka ƙara ka sake, daga yadda tudun ke tashi sai ka lissafo na asali. Da haka duk wani tasiri na man kanshi ya shiga lissafi.

Man gyaɗa na gida da ake matsewa wajen ƙuli-ƙuli fa, da manja?

Na gida ba a saka mishi komai, bitamin E ɗinshi ke riƙe shi, shi ya sa ba ya jure dogon ajiya kamar na kamfani. Manja na da karotin mai ba shi jan launi da wani nau'in bitamin E mai ƙarfi. A ƙa'idar Codex ma man da aka sayar da sunan ɗanye wanda ba a tace ba, ba a yarda a saka mishi wani ƙari ba sam. Toh a nan sensar na da wani amfani da ba a cika lura da shi ba, in wani ya ce maka wannan zallan man gyaɗa ne na gida sai awo ya nuna tudun TBHQ, ka san an sirka shi da na kamfani. Amma rashin tudun ba hujja ba ce cewa ba a sirka ba, don ba kowane man kamfani ake saka wa ba.

Za ta gano jan kala da ake zuba wa manja, ko gubar gyaɗa?

Wannan dai a'a. Rinin Sudan da masu algus ke zubawa a manja da afulatoksin da ke fitowa daga gyaɗar da ta yi funfuna kowanne da nashi gwajin daban. Haka bitamin A da doka ta wajabta a ƙara wa man kamfani a Najeriya tun 2002, wanda ake sa wa tambarin ido, shi ma awonshi daban. Kar wani ya ga an auna TBHQ ya fito daidai ya ce ai man lafiya lau.

Ni mai ƙosai ce, man da nake suya da shi maganin na nan ciki har yamma?

Yana raguwa Hajiya. A zafin suya, wajen digiri 170 zuwa 190, BHT da BHA suna bin tururi su tafi, TBHQ ma wani ya tafi wani ya ƙone wajen kare man. Don haka man da ya kwana biyu uku a kasko ba yawan magani ne matsalarshi ba, kariyar ce ta ƙare. In ya yi duhu ya yi kauri, yana kumfa, yana hayaƙi tun wuta ba ta yi ƙarfi ba, ya gama aiki. Na san da tsadar mai zubarwa ba sauƙi, amma dan Allah ko tacewa a riƙa yi kullum a cire ƙonannun ɓurɓushi, a rufe shi in ya huce, kar a bar shi kan wuta ba komai a ciki.

Ina da ɗan injin matsar gyaɗa, ina so in fara sakawa don mai na ya daɗe. Ya zan yi?

Alhaji fara da lissafi. Jarka mai lita 25 tana ɗaukar wajen kilo 23 na mai, iyakarta kenan giram 4.6, ba a kai giram 5 ba a duk jarkar. Wannan ba aikin ido ba ne ba kuma na cokali ba, sikeli ne mai auna ƙasa da giram. A narkar da shi a ɗan mai mai ɗumi tukuna sannan a juye a cikin sauran a gauraya sosai, in ba haka ba wata kwalbar ta kwashi ninki uku wata ba komai. A saka tun man yana sabo, don ba ya dawo da man da ya riga ya juya, kuma ƙara yawa ba ya ƙara kariya yadda mutane ke zato. In PG ne a guji duron ƙarfe don yana haɗuwa da ƙarfe ya ɓata launin man ya yi duhu. A tabbata na abinci aka saya, don ana yin TBHQ da BHT na masana'antu da ake zubawa a man inji da roba. Sannan a rubuta a jikin kaya, a bi ta NAFDAC da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki. Irinku ne ma kuka fi kowa buƙatar sensar nan, ka gauraya ka ɗiba daga sama da ƙasa ka auna kafin kaya su fita.

Mu ɗalibai za mu iya haɗa irinta a nan Zariya?

Me zai hana. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 da sassan kimiyyar sinadarai da injiniyan lantarki, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, ga cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru da ta fitar da irin gyaɗa na SAMNUT da manoma ke shukawa, wallahi ba mu da uzuri. Fotenshiyostat ba sai na miliyoyi ba, tun 2011 wasu masu bincike a Kalifoniya suka wallafa tsarin CheapStat kyauta, wanda kayan haɗinshi ba su kai dala 80 ba a lokacin. Kamfanoni irin su PalmSens da Metrohm DropSens kuma suna sayar da ƙanana da ake haɗawa da waya, da tsinkaye bugaggu. Elektirod kuwa har da bakin fensir ana yi, girafait ne, kuma an yi aikin bincike da yawa da shi.

Shawarata ɗan kimiyyar sinadarai ya haɗa kai da ɗan lantarki, ɗaya ya riƙe ruwa ɗaya ya riƙe waya. Ku fara da TBHQ shi kaɗai, kar ku ce sai kun auna huɗun a tashi ɗaya. Ku samo man da kuka matse da hannunku wanda kun san ba komai ciki, ku zuba mishi TBHQ miligiram 50 da 100 da 200 da 400 a kilo, ku ga ko na'urarku za ta dawo muku da abin da kuka zuba. In ta yi sai ku shiga kasuwa ku sayo samfur daga wurare daban daban, ku raba kowanne biyu, rabi a sensa rabi a HPLC, ku jera sakamakon gefe da gefe. A yi hankali da metanol, guba ne yana makantarwa, in itanol zai yi aikin ku tsaya a kanshi. Kuma in kun samu wanda ya wuce iyaka hukuma za ku kai wa a tabbatar, ba ku ɗauki hoton shagon mutum ku watsa ba, don wataƙila shi ma haka ya saya.

Kafin na'urar ta zo hannunmu, ni mai saye me zan yi?

Ki shinshina kafin a ƙulla miki, ki ɗan taɓa a harshe, in akwai maƙaƙi ki bar shi. Ki guji wanda aka jera a rana, ki nemi na cikin shago. In na kamfani ne ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa da tambarin ido, kuma murfin ya zama ba a taɓa buɗewa ba. Ki sayi wanda za ki cinye cikin 'yan makonni, a gida ki ajiye shi a rufe cikin inuwa nesa da murhu, kar ki zuba sabo a kan ragowar tsoho a roba ɗaya sai kin wanke ta ta bushe sarai.